Filin Tambaya da Amsa: Muhawara a Rubuce, Baki Shiru

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan kwanakin nan sun taru a kan al'amari guda, wato tattaunawar da ɗalibai ke yi a rubuce cikin aji ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Mun zaɓi biyar daga cikinsu mun taƙaita, domin kowacce ta taɓo ɓangaren da sauran ba su taɓo ba.

TAMBAYA, daga wata malama mai koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare: Assalamu alaikum. Ɗalibai 45 ne a ajina, amma duk lokacin da na yi tambaya hannaye biyar ko shida ne ke tashi, kuma su ne na jiya, su ne na shekaranjiya. Sauran sai kallo. A wani taron ƙara wa juna sani an ba mu shawarar mu gwada tattaunawa a rubuce, kowa ya yi shiru. Ni dai ban ga bambancinta da aikin aji da muka saba bayarwa ba. Shin akwai wani abu a ciki, ko kuwa tsohon abu ne aka sake wa suna?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Bambancin yana wurin wanda ake yi wa rubutun. A aikin aji ɗalibi malami yake rubuta wa, ya miƙa littafi ya koma yana jiran jan biro. A tattaunawa ta rubutu kuwa ɗan ajinsu yake rubuta wa, kuma ɗan ajin nasu zai karanta nan take ya mayar masa da martani a gefen abin da ya rubuta. Duk inda aka rasa wannan martani, to gaskiyarki ce, aikin aji aka yi a kan babbar takarda, kuma an wahalar da yara da shirun da bai amfane su da komai ba.

Abin da kike gani a ajinki ba a kanki farau ba. Tun a shekarun 1960 wani mai bincike Ba'amurke, Ned Flanders, ya bi azuzuwa yana lissafa wanda ke magana da tsawon lokacin da yake ɗauka, ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na maganar da ake yi a aji malami ne ke yin ta. Ragowar kashi ɗayan ne ɗalibai ke rabawa, kuma ba raba daidai ake yi ba. A 1972 kuma Mary Budd Rowe, wadda ita ma fanninta koyar da kimiyya ne, ta bayyana abin da ta gano bayan ta saurari darussa masu yawa da aka naɗa: malami yakan jira kimanin sakan ɗaya ne kacal bayan ya yi tambaya, kafin ya maimaita ta, ko ya kira wani, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su riƙa jira sakan uku ko fiye, sai amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, "ban sani ba" ta ragu, waɗanda ba su saba magana ba suka fara sa baki. Saboda haka masu ɗaga hannun nan naki ba lallai ne su zama waɗanda suka fi fahimta ba. Abin da aka tabbatar a kansu shi ne sun fi saurin haɗa amsa, kuma sun fi ƙarfin halin faɗinta a bainar jama'a.

Akwai kuma matsalar jiran layi, domin maganar baki mutum ɗaya ne ke yin ta a lokaci guda. A 1987 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jamus, Michael Diehl da Wolfgang Stroebe, sun nemi dalilin da ya sa mutane idan suka taru suna kawo shawarwari da baki sukan kawo ƙasa da abin da za su kawo da kowa ya zauna shi kaɗai. Babban dalilin da suka gano shi ne jiran nan: kafin layi ya zo kan mutum ya manta abin da ya so faɗa, ko ya ga kamar an riga shi, ko kuma hankalinsa ya tafi ga riƙe tunani ɗaya har ya kasa haifar da wani. Ki yi lissafi da ajinki. Idan kika ware minti goma domin muhawara, kika raba wa ɗalibai 45 daidai wa daida, kowa sakan 13 zai samu, wannan ma in ke ba ki ce uffan ba. A rubuce kuwa kowane ɗaya daga cikinsu yana da minti goman nan cif.

Tsarin da ya fi shahara shi ne wanda ake kira hirar alli, ana danganta asalinsa ga Hilton Smith na gidauniyar Foxfire a Amurka, daga baya cibiyar Project Zero ta Jami'ar Harvard ta sa shi cikin dabarun da take koya wa malamai. Ƙungiyar Facing History and Ourselves ma tana da irinsa da take amfani da shi wajen koyar da tarihi, inda ake manna ɗan nassi ko hoto a tsakiyar babbar takarda. Yadda ake yi ba shi da wuya. Za ki raba ɗalibai huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kowane rukuni da takardarsa, tambaya a tsakiya, kowa da bironsa. Duk bayanin da za ki yi ki gama shi kafin a fara, domin idan ke da kanki kika karya shirun da "af, na manta", ba zai sake haɗuwa ba. Minti uku ko huɗu na farko kowa ya rubuta abin da yake gani. Daga nan sai muhimmin mataki: kowa ya karanta na 'yan rukuninsa, ya zaɓi aƙalla biyu ya amsa musu, ya ja kibiya daga maganarsa zuwa wadda yake amsawa, ko dai ya goyi baya da dalili, ko ya musa da dalili, ko ya yi tambaya. In da sauran lokaci, rukunoni su zagaya su karanta takardun juna su ƙara nasu.

A ce kin rubuta a tsakiyar takarda cewa: "Ƙwayar irin da ba ta kai nauyin tsakuwa ba takan zama bishiyar da mutum goma ba za su iya ɗagawa ba. Daga ina wannan nauyi ya fito?" Na farko zai rubuta, "Daga ƙasa, ta cikin saiwa." Na biyu ya ja kibiya ya ce, "In haka ne, me ya sa ba a ganin rami a gindin bishiya?" Na uku ya ce, "Ruwa ne, shi ya sa take mutuwa in ta rasa shi." Sai wata yarinya da ba ki taɓa jin muryarta ba ta rubuta can a lungun takarda da ƙananan baƙaƙe, "Amma busasshen itace ma yana da nauyi." Ke kuma kina zagayawa da naki biron, ba ki ce wa kowa ya yi daidai ko kuskure ba, sai dai ki sunkuya ki rubuta, "Ban da ta saiwa, ta ina kuma wani abu ke shiga bishiya?" ki wuce.

Ki lura cewa yaran nan cikin minti goma sun bi sawun da masana suka daɗe suna bi. A ƙarni na 17 Jan Baptist van Helmont ya dasa 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da 'yan kai cikin tukunya mai ƙasa kimanin kilo 90, ya shekara biyar ruwa kaɗai yake ba ta. Da ya sake aunawa bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Sai ya yanke cewa ruwa ne, kamar yadda ɗalibinki na uku ya yanke, bai kai ga iskar kabon da ganye ke shaƙa ba, wadda daga gare ta mafi yawan nauyin busasshen itace ke fitowa. Idan kika ba su wannan labari bayan sun gama kokawa da tambayar, za su saurara da kunnen wanda ake warware wa gardamarsa, kuma ke kin riga kin san wa ke tunanin ƙasa, wa ke tunanin ruwa, abin da hannaye shida ba za su taɓa nuna miki ba.

Abu biyu ne sukan rusa aikin. Na farko tambaya marar faɗi. Tambayar da amsarta kalma ɗaya ce, kamar sunan wata gaɓa ko shekarar wani yaƙi, tana mutuwa da zarar mutum na farko ya rubuta amsar, sauran sai "haka ne" da "na yarda". Ki nemi tambayar da mai hankali zai iya amsa ta hanyoyi biyu ko uku. Na biyu shi ne a naɗe takardu a tashi. Dole ne a rufe da magana, ko ta minti biyar ce, kuma a nan za ki ga riba ta biyu: idan kika ce wa yarinyar nan ta karanta abin da ta rubuta game da busasshen itace, ba ki tura ta neman amsa a gaban jama'a ba, amsar tana hannunta, har wasu sun riga sun ja mata kibiya.

TAMBAYA, daga wani malamin tarihi: Ajina ya haura ɗalibai 80, bencina a jere suke ba wurin zagayawa, kuma ba ni da halin sayen kwali kowane mako. Wannan dabara ba ta masu ƙananan azuzuwa ba ce kuwa?

AMSA: Malam, in ɗalibai ba za su iya zagayawa ba, sai takarda ta zagaya. Wannan ma tsohon tsari ne. A ƙarshen shekarun 1960 wani Bajamushe mai suna Bernd Rohrbach ya fito da tsarin 6-3-5 domin ma'aikatan kamfanoni: mutum shida su zauna, kowa ya rubuta shawara uku cikin minti biyar, ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya karanta ya ɗora nasa. Bayan zagaye shida, wato rabin awa, ana iya samun shawarwari 108. Shi yawan shawarwari yake nema, kai kuwa muhawara kake nema, don haka sai ka rage yawan ka ƙara martani.

Ka ɗauki kowane benci a matsayin rukuni. Kowane ɗalibi ya ciro falle ɗaya, ko ka raba musu bayan tsofaffin takardun jarrabawa, ya kwafi tambayar a sama, ya rubuta ra'ayinsa da dalili guda cikin minti biyu. Sai ka ƙwanƙwasa tebur, kowa ya miƙa wa na damansa, na ƙarshen benci ya mayar wa na farko. Wanda takarda ta zo wa ba sabon ra'ayi zai fara ba, abin da ya tarar zai amsa. Ka riƙa ƙara lokaci kaɗan a kowane zagaye, domin abin karantawa yana ƙaruwa, kuma wannan ne malamai suka fi mantawa, sai ka ga yaro na ƙarshe ya rubuta ba tare da ya karanta ba. Idan mutum huɗu ne a benci, bayan zagaye huɗu takarda ta dawo hannun mai ita, ɗauke da martanin mutum uku. Ka ba shi minti biyu ya rubuta a ƙasa ko yana nan kan bakansa ko ya sauya, da abin da ya sa. Duka ba zai wuce minti goma sha biyar ba, kuma ba wanda ya tashi daga mazauninsa.

Na san abin da ke ranka, wato wa zai karanta takardu 80. Ba sai ka karanta su duka ba, domin an riga an karanta kowacce sau uku. Ka karɓi guda daga kowane benci, ko ka ce kowane benci ya zaɓi wadda gardama ta fi zafi a kanta. Takarda ashirin ta ishe ka sanin inda ajin ya dosa. Za ka kuma iya ba kowane sahu tambaya daban a kan darasi ɗaya, yadda in an zo magana ta baki kowane sahu yana da abin da sauran ba su ji ba.

Game da allo kuwa, ina da ja. Ana iya raba shi gida huɗu a bar ɗalibai su riƙa fitowa suna rubutu, amma allo ba ya ɗaukar fiye da mutum shida ko takwas a lokaci guda, kuma mai fitowa gaban aji 80 da alli a hannu yana buƙatar irin ƙarfin halin mai ɗaga hannu. Za ka wayi gari ka ga su ɗin nan dai ne a gaban allo. Ka bar shi sai ƙarshe, lokacin tattara abin da ya fito daga bencina.

TAMBAYA, daga wata malamar aji huɗu na firamare: Da yawa daga ɗalibaina rubutu na yi musu nauyi, kuma harshen da ake koyarwa da shi ba shi suke yi a gida ba. Ina tsoron kada mu kori masu bakin magana mu naɗa masu saurin hannu, marasa ƙarfi kuma su ci gaba da zama a baya. Yaya kuke gani?

AMSA: Malama, tsoronki yana kan hanya, kuma masu yabon wannan dabara ba su cika faɗin wannan ba. Yaron da ke fama da haɗa baƙi yana iya zama mai kaifin tunani idan yana magana, amma ki ba shi biro ki hana shi buɗe baki, kin ɗaure shi ke nan. Ƙari a kan haka, kuskuren baki yana wucewa da iska, na rubutu kuwa yana nan zaune kowa na gani.

Abin da zai rage wannan shi ne ki sauke nauyin rubutun har ya zama tunanin ne kaɗai ya rage. Ki sanar tun farko cewa a wannan aiki ba a duba ƙa'idar rubutu, kuma ki cika alkawari, ki ajiye jan biro, ki hana ɗalibai gyara wa juna baƙaƙe. Ki karanta tambayar da ƙarfi sau biyu kafin a yi shiru. Ki rubuta musu mabuɗan jimla a allo, kamar "Na yarda, domin...", "Ban yarda ba, domin...", "Me kake nufi da...", "Ga misali...", saboda sau da yawa fara jimla ne ke gagarar yaro, da zarar an buɗe masa sai ya ƙarasa. Ki halatta zane, da alamar tambaya, da jan layi a ƙarƙashin maganar da ta burge mutum, ki kuma bar wanda kalma ta ƙwace masa ya rubuta ta da harshen gida, a nemo takwararta daga baya tare. Rukuni ya zama na mutum biyu ko uku, lokaci kuma kada ya wuce minti biyar ko shida.

Lissafi wuri ne mai kyau na farawa, domin rubutunsa kaɗan ne. Ki rubuta, "Wanne ya fi girma, 1/3 ko 1/4? Nuna yadda ka sani." Wani zai ce 1/4, tunda 4 ta fi 3. Abokinsa ba ya buƙatar jimla ko ɗaya kafin ya musa: ya zana da'ira biyu masu girma ɗaya, ya raba ɗaya uku, ɗaya huɗu, ya shafe yanki guda a kowacce, ya ja kibiya. Muhawara ta kammala, kuma mai raunin rubutu ne zai iya cin ta.

Sai dai akwai iyaka. Ɗalibin da ba ya gani sosai, ko wanda hannunsa ba ya riƙe biro, ki haɗa shi da wanda zai karanta masa a hankali ya kuma rubuta masa, domin an kafa dokar shirun ne don kowa ya samu shiga, bai kamata ita ce za ta fitar da wani ba. Idan kuma fiye da rabin ajin ba su kai ga karanta jimlar ɗan'uwansu ba, to lokacin wannan dabara bai yi ba tukuna. Ki yi amfani da tsarin da Frank Lyman na Jami'ar Maryland ya gabatar a 1981: kowa ya yi tunani shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan ya tattauna da na kusa da shi, sannan a faɗa wa aji. Yana ba da lokacin tunani iri ɗaya, kuma ba ya neman biro.

TAMBAYA, daga wani malamin adabi a babbar sakandare: Na gwada sau ɗaya, na ce kada kowa ya sa suna don su saki jiki. Sai wasu suka cika takarda da shaƙiyanci, har aka yi wa wata ɗaliba ba'a a rubuce. Shin in tilasta sa suna? Kuma in riƙa ba da maki don su ɗauki abin da muhimmanci?

AMSA: Malam, ɓoye suna yana sa mai jin nauyin jama'a ya faɗi abin da ke ransa, amma ita wannan kafar ce marar kunya ke bi. Mafita tana tsakani: ka ba kowane ɗalibi lamba wadda kai da shi kaɗai kuka sani, ya riƙa sa ta a ƙarshen duk abin da ya rubuta. A ƙaramin rukuni ma ba a buƙatar wannan, launin biro ko harafin farko na suna ya wadatar, tunda sun san rubutun juna. Abin da ake so shi ne kowa ya san ana iya komawa kansa. An ce magana zarar bunu ce, to ta rubuce ta fi, domin wadda aka yi wa ba'a za ta karanta, ta sake karantawa, ta kuma ga wasu suna karantawa. Don haka kada ka zauna a kujera lokacin da ake yi. In ka ga irin wannan, ka ɗauke takardar ba hayaniya, ka ajiye wata, ka nemi mai laifin bayan darasi, ka kuma nemi yarinyar ita kaɗai ka nuna mata cewa ka gani kuma ba ka bari ya wuce ba. Kafin karo na gaba ka kafa doka ɗaya a fili: ra'ayi ake amsa wa, ba a taɓa mai ra'ayin.

Ka kuma duba tambayarka da agogonka, domin shaƙiyanci yakan fara ne lokacin da abin faɗa ya ƙare amma shirun bai ƙare ba. Gara ka tsayar da su suna da sauran abin rubutawa.

Maki kuwa ban ba ka shawara ba. Ranar da ɗalibai suka san ana auna abin da ke kan takardar, ranar za su daina rubuta abin da suke shakka a kai, su koma leƙen abin da gwanin aji ya rubuta suna sake masa riga, alhali kai shakkun nasu kake son gani. In dole sai an auna wani abu, ka ba su ɗan gajeren rubutu bayan an gama, kowa shi kaɗai: wace magana ce a takardar ta fi girgiza ra'ayinka, kuma me ka mayar mata? Wanda bai karanta na 'yan'uwansa ba ba zai iya amsa wannan ba. Idan batun ya shafi abin da ke taɓa rayuwar ɗalibai ta ƙashin kansu, kada ka manna takardun a bango ko ka ɗauki hotonsu sai da yardarsu.

TAMBAYA, daga wani shugaban makaranta: Na leƙa ajin da ake wannan aiki, na ga natsuwar da ban taɓa gani ba. Ina tunanin umartar duk malamaina su riƙa yi kullum, ko hayaniya ta ragu, sakamakon jarrabawa kuma ya ƙaru. Me za ku ce?

AMSA: Ranka ya daɗe, ina roƙon a sassauta wannan umarni. Idan malamai suka fahimci cewa natsuwar ce ta burge ka, natsuwar za su kawo maka, su sa yara shiru da takarda a gaba, ɗalibai kuma su ɗauki abin a matsayin horo. Ajin da aka yi tsit ana kwafar allo da ajin da aka yi tsit ana gardama a rubuce, daga taga kamarsu ɗaya.

Batun jarrabawa ma a yi masa kyakkyawan zato daidai gwargwado. A 2004 Robert Bangert-Drowns da abokan aikinsa biyu sun tattara bincike 48 da aka yi a makarantu kan amfani da rubutu a matsayin hanyar koyo. Sun samu cewa yana ƙara ƙoƙarin ɗalibai, amma ƙarin kaɗan ne. Ya fi tasiri inda aka daɗe ana yi, da inda ake sa ɗalibi ya yi tunani a kan yadda shi kansa yake fahimta, wato me ya gane, me ya rikita shi, kuma tasirin yana raguwa idan rubutun ya yi tsawo. Abin da wannan ke nunawa shi ne a yi shi gajere, a kai a kai, tsawon zango, a maimakon a cika kowane darasi da shi na mako biyu a gaji a watsar. Sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya isa ga kowane fanni. Ya fi dacewa a farkon sabon babi domin a tono abin da yara ke ɗauke da shi, ko bayan an karanta nassi, ko kan tambayar da ra'ayoyi suka rabu, ko lokacin bita. Bai dace da ranar da ake koyar da sabuwar hanyar lissafi ko sabuwar ƙa'idar nahawu ba, domin a ranar bayanin malami ake buƙata, yara ba su da abin da za su yi gardama a kai tukuna. Kuma ɗalibi na buƙatar koyon tsayuwa ya yi magana a gaban mutane, ya saurara, ya mayar da amsa nan take, abin da biro ba zai koya masa ba.

In za ka sake zagayawa, ranka ya daɗe, ka shiga ciki ka ɗauki takarda ɗaya. Ka ƙirga hannun mutum nawa ne a kanta, ka ga ko akwai kibiyoyi da alamomin tambaya tsakanin maganganun, ko kuwa kowa ya rubuta nasa ne a lungunsa. Sannan ka tambayi malamin wane kuskure ya gano a takardun da bai san ɗalibansa na ɗauke da shi ba, da kuma abin da zai sauya a darasin gobe saboda shi.